Gado Makaɗi da Ƙafar Tanimu

Gado ƙanen kakana ne, don haka ina da izinin in faɗa masa abin da na ga dama, shi ma ya rama. Tsoho ne gajere, mai kunnuwa kamar marfin tukunya. In yana tafiya kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka, saboda shekara arba'in da ganga ta yi tana rataye a kanta. A wani ƙauye cikin ƙasar Gangara aka haife shi, a nan yake har yau. Bai taɓa leƙa lakol, wato makarantar boko, ba. Amma duk Talata da Alhamis da hantsi za ka same shi a bayan gidan likita na garinmu, ƙarƙashin dogon yaro, da ganga naɗe cikin tsohon bargo, yana yi wa masu shanyewar ɓarin jiki kiɗa suna koyon tafiya. Yadda aka yi ya isa wurin shi zan ba da labari. Wani na gani da idona, wani shi ya faɗa mini, kuma na rage ƙaryar da ya ƙara.

Gidansu gidan makaɗan noma ne. A da, in damina ta kankama, mai gona yakan kira gayya. Samarin gari su fito da hauya, wannan mai doguwar ƙota da ake turawa a tsaye, su jeru a bakin gona, makaɗi yana binsu a baya. Kowane manomi da ya isa yana da takensa, wato kiɗan da aka yanka masa shi kaɗai. In aka buga takenka ba a zama. Ko fura kake sha sai ka ajiye ƙwarya ka miƙe, ka ɗaga hauya sama, ka yi kirari. Wanda aka buga takensa ya ci gaba da zama, gari zai ce ya mutu tun yana numfashi. Aikin makaɗi kuwa guda ne: ya zuga, ya ƙara wuta, har mutum ya yi noman da bai san yana iyawa ba. Gado ya ce a zamaninsa mutum bakwai ya sa suka suma a gona, kuma da alfahari yake faɗa.

Daga baya gayya ta yi ta ja da baya. Shanun huɗa suka yawaita, samari suka watse, wasu Agadas, wasu wajen haƙar zinariya, waɗanda suka rage kuma kowa ya toshe kunne da wayarsa. Gado ya koma tufkar igiya da tallar aya ranar kasuwa. Gangar takan fito ne in an yi biki, shi ma sai in janareta ya ƙi tashi.

Cikin duk mutanen da ya yanka wa take, babu kamar Tanimu. Tare suka tashi. Tanimu dogo ne, mai faɗin ƙirji, wanda in ya sa hauya a gaba sai dai a bi ƙurarsa. Ba a taɓa naɗa shi ba, amma Gado Sarkin noma yake ce masa, gari ma ya ɗauka. Shekara huɗu da suka wuce, bayan girbi, Tanimu yana ɗaure damin hatsi ya sulale ƙasa. Hawan jini ne, an daɗe ana faɗa masa yana cewa ciwon masu zama a buro ne, ma'aikatan ofis. Aka kai shi Maraɗi, ya yi mako uku, aka dawo da shi ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace. Majo Rahina, babbar ma'aikaciyar jinya wadda ke riƙe da gidan likita na garinmu, takan je gidansa sau biyu a mako ta auna jininsa, ta lanƙwasa ƙafar ta miƙe ta. Bayan wata biyu yana iya zama, yana iya tsayuwa in an riƙe shi, amma ƙafar dama ta ƙi takawa.

Wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, aka fito da shi zaure saboda surukansa biyu, mazan ƴaƴansa, sun zo dubiya daga Agiye. Gado ya yi kwanaki yana zuwa gaisuwa yana ganin idon abokinsa kamar na rago daren salla, abin yana cin ransa. Ya ce a zuciyarsa, mutumin nan ba abin da ya rasa sai a tuna masa ko shi wane ne. Sai ya koma gida ya ɗauko ganga, ya tsaya a ƙofar zauren, ya buga taken Tanimu yadda yake buga shi shekara talatin da suka wuce, da zafinsa.

Tanimu ya ɗaga kai. Kafin wani ya farga ya dafa bango da hannun hagu ya miƙe. Ya taka, ya sake takawa, ya nufi ƙofa inda gangar take. Sai ya tafi gaba ɗaya, goshinsa ya daki bakin ƙofa. Mazagin wandonsa, da hannu guda ya ɗaure shi ran nan don ya ƙi a taimake shi, ya kwance. Surukansa ne suka ɗaga shi, ɗaya yana tallafe da kansa jini na zuba, ɗaya yana riƙe masa wando.

Wanda ya san kunyar da ke tsakanin mutum da mijin ɗiyarsa, wadda ko abinci ba sa ci a gaban juna, ba sai na yi masa bayani ba. Goshin ɗinki huɗu aka yi masa, ya warke cikin kwana goma. Amma Tanimu ya shige ɗakin ƙurya ya juya wa bango fuska. Ya daina fitowa zaure, ya daina shan ƙwayar hawan jini, Majo in ta zo sai ya ja zane ya rufe kai. Gari ya ɗauka: gangar Gado ta ƙarasa Sarkin noma.

Gado ya jefa gangar cikin tsohon rumbu ya rufe. Na same shi yana tufka na ce, "Tsoho, ashe ka cike mutum takwas." Bai zage ni ba, bai ko ɗaga kai ba. A nan na san abin ya kai inda ya kai.

Bayan mako biyu Majo Rahina ta aika a kira shi. Ya sa babbar rigarsa ya tafi kamar mai zuwa gaban alƙali.

"Baba Gado, an ce kai ka kayar mini da majinyaci."

"Ni ne, Majo. In jandarma za ki kira, ga ni."

"Jandarma suna da aikinsu. Zauna. Taku nawa ya yi kafin ya faɗi?"

Gado ya dube ta, ya ga ba wasa take ba. "Uku. Na huɗun ya kayar da shi."

"Ka tabbata? Mutane sun ce tsalle kawai ya yi da ƙafa guda."

"Ɗiyata, shekara arba'in ƙafafun mutane nake kallo. Hagu, dama, hagu. Damar da ta biyo baya ita ta ƙi."

"Ke nan ya taka da dama sau ɗaya." Ta ajiye biro. "Wata biyu ina roƙon ƙafar nan taku guda, ba ta ba ni ba. Kai ka zo da fatar akuya ta ba ka."

Sai ta faɗa masa cewa a wani horo da suka yi a Maraɗi, wani mai aikin gyaran gaɓoɓi ya gaya musu akwai ƙasashen da mutum ke shiga makaranta ya koyi yi wa marasa lafiya kiɗa da waƙa, shi ne aikinsa. Ya ce ƙwaƙwalwar da ta ɓatar da hanyar aika wa ƙafa saƙo, wani lokaci takan bi bugun kiɗa ta sami wata hanyar. Ita dai ta ji ta ajiye, don ba ta taɓa tunanin za ta ga abin a garin nan ba.

"Ni ƙwaya nake da ita, da abin awo," in ji ta. "Ƙwayar tana can cikin ƙoƙo bai sha ba. Jininsa zan iya saukarwa. Amma mutumin da ya juya wa bango fuska, ba ni da allurarsa. In ya ƙara wata biyu a kwance, ƙafar za ta sandare, shi ke nan. In kuma jinin ya sake hawa, ba ma maganar ƙafa za a yi ba."

Ta kafa masa sharaɗi. Ba taro, ba ɗan kallo. Ba take. Kuma kiɗan ne zai bi ƙafa, ba ƙafa za ta bi kiɗa ba: in ƙafar ta ɗauki lokacin shan ruwa kafin ta sauka, gangar ta jira ta.

"Wanga ai ba kiɗa ba ne," in ji Gado. "Dakan tsohuwa ne."

"To dakan tsohuwar nake so."

Ya ce mini bai taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba. Hannun da ya saba zuga mutane ba ya son jira. Ya buga ɗaya, ya buga biyu, kafin na biyar hannun ya gudu da kansa. Sai ya fito da gangar ya naɗe ta da bargo don ta rage murya, ya ajiye gula, ya koma bugu da tafin hannu. Akwai wani tsohon jaki mai ɗingishi da ke jan ruwa a rijiyar gabas. Gado ya yi kwana shida yana zama a gindin rijiyar yana kallon ƙafar jakin ta baya, in ta sauka ya buga. Mata masu ɗibar ruwa suka ce Gado ya rasa manoma ya koma yi wa jakuna roƙo. Ni ma na tambaye shi ko jakin ya yi masa kyautar riga. Ya ce, "Ya fi ubanka kyauta, ja'iri." Na ji daɗi, don zagin ya dawo.

Saura shiga gidan Tanimu. Asama'u, matar Tanimu, ta tare shi a zaure.

"Mi ka zo yi? Ƙarasa shi?"

"Gafara na zo nema."

"Malam ba ya ganin kowa."

Gado ya zauna a zauren har azahar, ya tafi. Washegari ya dawo ya zauna. Rana ta uku ta fito ta tsaya a kansa da muciya a hannu.

"Tun da ya faɗi ba wanda ya ɓata masa rai," in ji ta. "Kowa sannu, kowa Allah ya sawwaƙe. Ni kaina lallaɓa shi nake kamar ƙwai. Mutumin da in gishiri ya yi kaɗan a miya sai maƙwabta sun ji, yanzu ko ruwan zafi na ba shi sai ya haɗiye. Shiga. Ko zaginka ne ya yi, in ji muryarsa."

Ɗakin yana warin man zafi. Tanimu yana kwance fuska a bango, ya rame har ƙashin kafaɗa ya fito. Gado ya durƙusa a bakin gado.

"Sarkin noma, ni ne."

Maganar ta fito a karkace, kalma ɗaya ɗaya. "Gaban... surukai."

"Na sani."

"Wando."

"Na sani. Ni na yi, ba kai ba. Na san in na buga ba za ka zauna ba, kuma na buga. Ka yafe mini ko kada ka yafe, duk daidai ne."

Sannan ya ƙara da cewa, "Amma Majo ta ce in gaya maka, ran nan ka taka da dama."

Tanimu bai juyo ba. "Ƙarya."

"Na taɓa yi maka ƙarya a kan ƙafa? Ni na gaya maka kana jan hagu shekarar da ƙaya ta soke ka a gonar Ridwanu, ka ce ba ka ja, aka duba aka ga tana ruɓa."

Gado ya kwashe abin da Majo ta ce ya faɗa masa.

"Wa... zai gani?" in ji Tanimu.

"Ni, da Majo, da Asama'u, da akuyar gidanka."

"A ɗaure akuyar." Sai ya juyo da kai, ya dubi Gado da idon da ke buɗewa sosai. "Kada ka buga... nawa."

"Ba zan buga ba."

A bayan gida suka fara, tsakanin rumbu da katanga. Aka kafa itace biyu na dogon yaro a jere don ya dafa. Majo takan ɗaura masa rawani a ƙugu ta riƙe ta baya. Gado yana zaune a gaba bisa turmi, idonsa a kan diddigen dama. Doka ta farko tasa ce, ba ta Majo ba: sai Tanimu ya haɗiye ƙwaya a gabansa sannan hannu ya taɓa ganga. Mako na farko ba abin da ya faru, sai gumi. Mako na biyu diddigen ya ɗaga kamar faɗin yatsa, Gado ya buga, ƙafar ta ja ƙasa ta sauka. A hankali ya gane cewa in ya riƙe bugun daidai, ba sauri ba jinkiri, ƙafar tana fara sanin lokacin da ake jiranta.

Sau ɗaya ya kusa maimaita laifinsa. Ran da Tanimu ya yi taku shida a jere, daɗi ya kama Gado, hannun ya ƙara wuta bai sani ba. Tanimu ya bi, ƙafar ta harɗe, Majo ta riƙe shi da rawani da ƙyar. Ta juyo ta ce, "Baba, in gayya kake so, ga ƙofa." Tsohon da ya haifi kamarta biyar ya sunkuyar da kai ya ce ta yi haƙuri.

Sauran aikin ba na ganga ba ne. Asama'u ta rage gishiri da magi da kanwa a miya, ran da Tanimu ya ture kwanon ya ce wannan wankin tukunya ne, ta fita tsakar gida ta yi kuka don murna. Aka riƙa zuba masa gujiya a faifai yana ɓarewa don hannun dama, ko da yake hannun bai taɓa dawowa sosai ba, har yau cokali ya fi ƙarfinsa. Magana kuma, Gado ya lura in waƙa ce tana fita da sauƙi, sai ya riƙa rera tsofaffin waƙoƙin gona yana barin kalmar ƙarshe Tanimu ya cike. Da Tanimu ya fara gundura, yana cewa tafiya ba gona ba kasuwa tafiyar mahaukaci ce, Gado ya cire ruwan wata tsohuwar hauya ya miƙa masa ƙotar. Ya riƙe ta a gaba da hagu yadda ya saba, ya tura, ya taka. Majo ta ce a littafi ba haka ake riƙe sanda ba, amma ta ƙyale, don takun ya fi kyau. Wasu a gari suka fara cewa bori ake yi a bayan gidan. Tanimu da kansa ya ce a kira liman. Liman ya zauna ya kalla, ya fito ya ce shi dai ya ga ana koya wa mara lafiya tafiya, in akwai wani abu bai gan shi ba.

Wata biyar aka yi haka. Gab da damina, hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa, Tanimu ya ce gobe da la'asar zai je dakalin masallaci inda dattawa ke zama. Taku wajen ɗari biyu ne daga ƙofarsa, kuma ta tsakiyar mutane. Tun ranar faɗuwa ba wanda ya gan shi a waje. Majo ta ce a bari a ƙara wata guda. Ya ce a'a. Ya ce kuma ba ganga, ba rawani, kada kowa ya riƙe shi.

Asama'u ce ta ɗaure masa mazagi ran nan, ƙulli biyu. Ya fito da ƙotar hauya a hannu. Gado yana bayansa da taku uku, hannu wofi, yana ɗan buga cinyarsa da tafi yadda Tanimu kaɗai zai ji. Mai shayi ya ajiye buta. Masu dara suka tsaya da wasa. Wani ya taso zai tare shi, Gado ya girgiza masa kai ya koma.

Sun ci fiye da rabi sai suka isa inda yashi ya taru a kwanar shagon tela. Ƙafar dama ta nutse ta tsaya. Tanimu ya ja, ta ƙi. Ya sake ja, jikinsa ya fara karkarwa. Mutane sun kai talatin suna kallo.

Gado ya ce mini a wannan lokacin taken ya zo masa har cikin yatsu. Ya san in ya buga shi ko a cinya ne, Tanimu zai fizge ƙafar da ƙarfin zuciya, ko ya fita ko ya kife a gaban gari duka. Ya damƙe rigarsa da hannun har sai da ya ji farce a tafinsa. Sannan ya saki, ya buga sau ɗaya, ya jira. Ya ce bai san tsawon jiran ba, shi dai ya ga ƙuda ya sauka a wuyan Tanimu ya tashi. Diddigen ya ɗaga. Yashi ya zube daga takalmin. Ƙafar ta ja ta sauka, Gado ya buga na biyu.

Da suka isa, dattawa suka matsa suka ba shi wuri. Ya juya a hankali, ya dafa, ya zauna da kansa. Numfashinsa ya daɗe kafin ya daidaita. Liman ya ce, "Sannu da zuwa, Sarkin noma."

Tanimu ya share gumi da hannun riga, ya dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan wani ɗan ƙanensa. "Kai... Muzammil. An ce ka sare gawon... da ke gonata ta gabas."

"Reshe ne kawai, Baba."

"Gobe... zan je in gani."

Gado bai hau dakalin ba. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango.